Tambaya kan tsuntsun aljanna: ya aka yi namijin ba ya reno?

MaiTattabaru:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin tsuntsaye ku taimaka min. Na ga bidiyon tsuntsun nan da ake ce wa Raggiana, wanda ke jikin tutar Papuwa Niyu Gini, wai namijin ba ya gina sheƙa ba ya kwanci ba ya ciyar da 'ya'ya, rawa kawai ya iya. Ni ina kiwon tattabaru kuma na san namiji da mace karɓa-karɓa suke a kwanci, to ita wannan ya take yi ita kaɗai a tsakiyar daji? Kuma duk irinsu haka suke?

Dan_Daji:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Namijin tsawonsa kamar santimita 34 ne ban da dogayen gashin wutsiya biyu masu kama da waya, kansa ruwan ɗorawa, maƙogwaro kore mai sheƙi, sai dogon jan gashi da ke fitowa daga gefen jikinsa, macen kuma ruwan ƙasa ce ba wani ado. Mazan suna da bishiya guda mai tsayi da suke taruwa a kai da sassafe da kuma yamma, kamar dai samari a dandali, kowa da reshensa, su yi ta kuka suna kaɗa fukafukai, sai ka ga ya sunkuyar da kai ƙasa ya watsa jan gashin nan sama ya tsaya cak. Macen za ta zo ta duba ta zaɓa, kuma yawanci ɗaya ko biyu ne a cikin mazan ke samun kusan duk matan. Daga nan ta tafi abinta ta yi sheƙa ta saka ƙwai 1 ko 2, kwanci wajen kwana 18 zuwa 20.
Sirrin dai abinci ne. Dajin Niyu Gini ruwa ba ya yankewa sosai, 'ya'yan itace suna nan kusan duk shekara, kuma tsibirin asali babu birai babu kurege da za su yi takara da su a kan bishiya, don haka uwa ɗaya ta isa ta ƙosar da ɗa ɗaya, ta haɗa masa da ƙwari da gizo-gizo.

Maman_Yara:
Malam Dan_Daji ka yi bayani amma ka tsallake rabin tambayar. Ba duka ba ne fa. Dangin sun haura iri 40, kuma akwai waɗanda ake kira manucode, baƙaƙe masu sheƙi, namiji da mace kusan kamarsu ɗaya kuma tare suke reno. Su abincinsu yawanci ɓaure ne, shi kuwa ɓaure ba shi da maiƙo da gina jiki sosai, dole sai su biyu sun yi ta jigila. Raggiana kuma yana cin 'ya'yan itace masu maiƙo irin dangin gyaɗar ƙamshi, kaɗan ya wadatar. Wannan bambancin ni shi ya fi burge ni wallahi, abin da ke cikin baki shi ya raba tsarin gidansu. Allah mai hikima.

Dan_Daji:
Haka ne Hajiya, na gode da ƙarin. Wani abin kuma, namijin Raggiana yakan yi shekaru da yawa yana kama da mace kafin gashin ado ya gama fito masa, amma tun kafin nan yana iya barbara. Wannan na cikin abin da ya taimake su lokacin da Turawa suka yi ta sayen gashinsu don hulunan mata a farkon shekarun 1900, maharba masu cikakken ado suke nema, ƙananan suka ci gaba da haihuwa. Tun 1522 fatun tsuntsayen aljanna suka isa Sifaniya a jirgin da ya rage daga ayarin Magellan, ayarin jiragen ruwa na farko da ya zagaya duniya, kuma da yake 'yan kasuwa kan cire ƙafafun kafin a busar, an daɗe a Turai ana cewa tsuntsun ba ya sauka ƙasa. Har yau mutanen tsaunukan Papuwa Niyu Gini suna sa gashin a ka wajen bukukuwa irin na garin Goroka, suna adana shi shekara da shekaru. Abin da ya fi damuna yanzu saran daji ne don katako da gonakin kwakwar manja, in aka sare bishiyar taron nan an tarwatsa su.

MaiTattabaru:
Ikon Allah. Na gode ƙwarai. To ana iya kiwonsa a gida kuwa?

Maman_Yara:
A'a ɗana, cire ranka. Cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai, ba a fitar da shi haka kawai. Ko gidajen zu na Turai da Amurka sai da suka sha wahala da su, don sinadarin ƙarfe yana taruwa musu a hanta ya kashe su in ba a ba su abinci na musamman ba. Wanda Allah ya hore wa tafiya, akwai gandun Varirata kusa da Port Moresby, babban birnin Papuwa Niyu Gini, can ake zuwa da asuba a kalli rawar.