Me ya sa son ta ya ƙaru tun da aka ce ta haramta gare ni?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ina neman 'yar baffana a nan Gombe, har an kai kuɗin gaisuwa, na kuma fara haɗa lefe. Da goggonmu ta zo daga Dukku, sai ta tuna wa dangi cewa marigayiya mahaifiyata ta shayar da yarinyar kwana huɗu, lokacin da uwarta ta kwanta jinya bayan haihuwa. Uwar ba ta musa ba, sai dai ta ce ta ɗauka ƙanena kaɗai, wanda suka sha nonon tare, shi ne ya haramta gare ta. An fasa maganar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a da nakan yi mako guda ban je zance ba kuma ban damu ba, amma yanzu ko takalminta na gani a ƙofar zaure sai gabana ya faɗi. Wannan so ne, ko kuwa zuciya ce kawai take ƙin a hana ta?

Malamin Bolari:
Wa alaikumus salam. Zan fara da hukuncin, domin na san zuciya takan nemi ƙofa ko da baki ya ce ya sallama. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta ambaci 'yan'uwa mata ta hanyar shayarwa cikin waɗanda aka haramta aure, kuma jaririn da mace ta shayar ya zama ɗan'uwan dukkan 'ya'yanta, ba wanda suka sha tare kaɗai ba. Wannan kuskuren na uwar yarinyar ya yaɗu a gidajenmu ƙwarai. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a shekaru biyun farko ya wadatar, Shafi'iyya kuwa sun sharɗanta sau biyar, to jaririyar da aka shayar kwana huɗu ai ta wuce biyar nesa ba kusa ba. Ka tuna da Uƙba ɗan Haris, wanda Bukhari ya ruwaito cewa ya rabu da matarsa bayan an riga an ɗaura aure, saboda wata mata ta ce ta shayar da su duka biyu. Kai Allah Ya rufa maka asiri tun ba a kai can ba.

Hajiya daga Bauchi:
Ɗana, Malam ya amsa abin da ba ka tambaya ba, bari ni in amsa wanda ka tambaya. Ina budurwa mahaifina ya hana ni wani saurayi, ya aurar da ni ga wani. Na shafe fiye da shekara ashirin ina auna mijina da shi, kullum kuma mijina ne ke faɗuwa, domin shi ne nake gani yana ƙorafi a kan kuɗin cefane, wancan kuwa yana nan a zuciyata da farar shaddarsa, bai taɓa ɓata mini rai ba. Rannan na gan shi a kasuwar Wunti, furfura ta cika masa kai, yana ta jayayya da mai tumatir a kan canjin da bai taka kara ya karya ba. Muka gaisa, na tambayi iyalinsa, na kama hanyata. Sai a lokacin na gane cewa wanda nake ta begen nan ni ce na ƙera shi da kaina. Yarinyar da kake mako ba ka je wurinta ba ita ce ta gaskiya, wadda ke hana ka barci yanzu kuwa hani ne ya yi mata kwalliya.

Ɗan Jekadafari:
Na gode, Malam. Hajiya, maganarki ta shige ni, sai dai ke kin samu nisa, ni kuwa katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma jiya baffa ya ce tun da ni yayanta ne, da ni za a karɓi baƙi idan wani ya zo neman aurenta. Akwatunan lefen ma har yanzu suna ɗakin ƙanwata, ban san wanda zan ce ya ɗauke su ba.