Kumburin ƙafa a wata na bakwai: al'ada ce ko matsala?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai ciki wata bakwai, ƙafafunta kan kumbura da yamma har takalmi ya ƙi shiga. Yaushe ya kamata a damu?

Ungozoma: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Mahaifa ce ke danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya, sai ruwa ya taru ƙasa. Zafin Sakkwato, musamman a Afrilu, yana ƙara shi. Ta riƙa kwanciya a ɓarin hagu, ta ɗora ƙafafu kan filo biyu minti 20, sau uku a rana. Kada ta rage shan ruwa. Ta rage gishiri da magi dai. Bayan alwala ta tsane tsakanin yatsun ƙafa, damshi ke kawo ƙaiƙayi da tsagewa.

Ma'aikacin jinya: Gaskiya ne, Malama. Amma in fuska da hannaye suka kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai da gani dishi-dishi, a kai ta asibiti ranar, a auna jini da fitsari. In awon hawan jini ya kai 140/90, ana tsoron ciwon jijjiga na masu ciki. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, tana zafi da ciwo, kada a murza ta. Wataƙila jini ne ya daskare.

Ungozoma: Kuma a guji sayen maganin sa fitsari a kemis.