Ina son in kai Baba ya ga garuruwan da ya yi aikin lakwal, ku ba ni shawara

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, shekarunsa 79. Ya koyar a Agye, Gazawa da Tasawa tun daga 1969, bai dawo Maradi ba sai bayan yunwar El Buhari ta 1984. Tun da idonsa ya fara rauni ba shi da hira sai ta garuruwan nan. Shekaranjiya bayan magariba yana jan tazbaha ya ce mini, "Ko gawon nan na bakin lakwal ɗin Agye yana nan?" Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Mota ina da ita, hutu ma na samu. Amma yayata ta ce sam: yana da ciwon suga, kuma yawancin abokansa sun riga mu gidan gaskiya, zai je ya tarar da baƙin fuska ya dawo da baƙin ciki. In tafi da shi ko in haƙura?

Direban Tasawa:
Wa alaikumus salam. Hanyar ba abin tsoro ba ce, babbar kwaltar Damagaram ce, Maradi zuwa Tasawa wajen kilomita 120. Amma kar ka yi da tsoho yadda muke yi da fasinja. Kwana uku ka ware, gari ɗaya a yini. Ka jira a gama girbin hatsi, kafin hunturu ya kankama. Ku fita bayan asuba, la'asar ta same ku a masauki, tafiyar dare babu ita. Takardun mota su cika saboda jandarma.

Maman Hadiza:
Ɗan uwa, maganar yayarka ba banza ba ce, amma ji tawa. Bara na kai Inna Madarunfa, garin da aka yi aurenta na fari. Gidan an raba shi gado, an yi shaguna a gaba. Ta tsaya ta rasa ko ƙofa. Na ce shi ke nan, na jawo mata. Sai ta ce in kai ta bakin tafki. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa, ta ɗebi ruwa ta shafa a fuska, ta fara kiran sunayen matan da suke zuwa wanki tare, ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu addu'a. Ta yi kuka sosai. A mota kuwa har muka wuce Jiratawa ba ta daina ba ni labari ba, abubuwan da ban taɓa ji daga bakinta ba. Wata biyar bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Wallahi da na saurari masu hana ni, da yanzu ina cizon yatsa.

Malam na Tsibiri:
Allah ya jiƙan Inna. Ɗana, ni dai ina tare da yayarka a abu guda: kar labarin mutuwa ya riske shi a bakin ƙofar mutane. Ka aika tukuna a bincika wa ke raye, wa ya rasu. Ka faɗa masa a gida, a hankali. In ya je da saninsa, ta'aziyya ya je yi da ziyarar kabari, zuciyarsa a shirye. Kuma ku fara da gaisuwa wajen mai gari, da goro a hannu.

'Yar Agye:
Baba zai sha mamaki! Lokacin da ya bar yankinmu gonaki fayau suke. Yanzu da sassaben zamani manoma na barin tsiron itace, gawo ya cika gonaki. Nasa gawon ban yi alkawari ba, amma ku nemi ɗalibansa, ba abokai kaɗai ba. Yaran da ya koya wa karatu a 1970 yanzu dattawa ne masu jikoki. Mushe ba ya ɓata a ƙauye.

Direban Tasawa:
Na manta, ku ga likitansa kafin tafiya. Maganinsa a aljihun gaba, ba cikin but ba. Kowa zai kawo masa fura da sukari, kai ne za ka iya cewa a'a a madadinsa.

Ɗan Bagalam:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Maman Hadiza, na karanta wa yayata saƙonki, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sai ta ce in za a je da ita za a je, ita za ta riƙe magani. Malam, na ɗauki shawararka, Asabar zan fara zuwa ni kaɗai. 'Yar Agye, don Allah ki tambayar mini dattawanku wa ya tuna mushe dogo mai keke, wanda ke fito da aji ƙarƙashin gawo in zafi ya yi yawa. Gazawa ce ban san kowa ba, ko akwai ɗan can a nan?