Wa ke da shawara kan tsofaffin mujallun zombi na baƙi da fari?

Sadiƙ: Salamu alaikum jama'a. Na gama karanta mujallar zane ta The Walking Dead kaf, har fitowa ta 193, yanzu hannuna babu komai. Zanen baƙi da farin nan ne ya kama ni, kuma an ce akwai tsofaffi da suka riga shi. Daga ina zan fara? Masu launi dai a bar su tukuna.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, nemi Tales of the Zombie na kamfanin Marvel, wanda ya fito daga 1973 zuwa 1975. Fitowa 10 ne kacal da wata ta musamman guda ɗaya, ba zai ci maka lokaci ba. Labarin Simon Garth ne, attajiri mai kamfanin kofi a New Orleans. Ya kori mai kula masa da lambu, shi kuma ya ƙullace shi, ya kashe shi, ya sa aka tashe shi da tsafi. Akwai laya biyu iri ɗaya: ɗaya a wuyan gawar, ɗayar kuwa duk wanda ta faɗa hannunsa shi ke juya Garth yadda ya ga dama. Steve Gerber ya rubuta yawancinsa, Pablo Marcos ɗan ƙasar Peru ya zana. Amma ka sani, wannan zombin ba ya cin mutane. Bawa ne kawai, da ɗan guntun tunani da ya rage masa, yana ganin abin da ake sa shi yi ba shi da ikon ƙi.

Sadiƙ: To Malam, me ya hana su sa launi? Rashin kuɗi?

Anti Rabi: Kuɗi na ciki, amma babban dalilin gudun doka ne. A 1954 aka yi ca a kan mujallun ban tsoro a Amurka. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa su ke lalata tarbiyyar yara, har kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kan maganar. Sai masu bugawa suka kafa wa kansu hukumar tacewa, Comics Code Authority, suka haramta matattu masu yawo, masu shan jini da masu cin naman mutane. Wanda bai da tambarin hukumar a bangonsa, 'yan kasuwa da yawa ba sa karɓa. Abin da ya kashe Tales from the Crypt na kamfanin EC ke nan. Sai James Warren ya gano ƙofar baya: in ka faɗaɗa takardar ta kai girman mujallar manya, ka buga cikin da baƙi da fari, ka ɗaga kuɗin, to ka fita daga hurumin hukumar. Da haka ya fito da Creepy a 1964, Eerie ta biyo baya a 1966. Marvel ma hanyar ta bi, domin ko da aka sassauta dokar a 1971 ba a saki zombi ba.

Malam Habu: Haka yake, Hajiya. Kuma takurar ta zame musu alheri. Da babu launin da zai rufa wa mai zane asiri, dole hannunsa ya nuna. Sadiƙ, in ka samu Creepy na farko-farko, lokacin da Archie Goodwin ke edita, tsaya a kan shafukan Steve Ditko. Ruwa yake zuba wa tawada ya tsinka ta, sai ka ga toka-toka mataki-mataki, bango na narkewa cikin duhu ba ka san inda ɗaki ya ƙare ba. Bernie Wrightson kuma, da ya zo daga baya, da siraran layuka yake gina inuwa, ɗaya kusa da ɗaya, har ka ga jijiyar hannu da yagewar riga. Rabin fuska baƙi ƙirin, kai za ka ƙarasa sauran da kanka, kuma abin da ka ƙarasa ya fi abin da zai zana muni. Da tsohuwar zuma ake magani.

Zainabu: Baba Habu, a yi min afuwa, ba duka zumar ce mai kyau ba. Creepy da Eerie tarin gajerun labarai ne, zombi jefi-jefi yake fitowa, kada Yaya Sadiƙ ya sayi kundi guda yana zaton cike yake da su. Kuma da yawan labaran tun shafi na biyu ka san ƙarshensu: mugu ya yi kisa, gawa ta dawo ta rama. Abin da ya fi damuna shi ne yadda suke zana baƙar fata, kullum ganga da rawa da wuƙa cikin dare. Asalin zombi daga Haiti yake, kuma Amurkawa sun ɗauko shi ne lokacin da sojojinsu suka mamaye ƙasar daga 1915 zuwa 1934. A wurin mutanen can, jikokin bayi, abin tsoron shi ne ka mutu ma ba ka huta ba, a tono ka a mayar da kai gonar rake. Mujallun sun kwashe gangar sun bar wannan.

Anti Rabi: Ba ki faɗi ƙarya ba, 'yata. Sai dai shi ya sa nake ganin na Simon Garth ya ɗan fi sauran. Wanda ya saba ba da umarni shi aka mayar abin aike. Ko ba komai ya taɓo jijiyar.

Bala Mai Zane: Ni ku bar ni da Deadworld, 1987, wani ƙaramin kamfani ne Arrow Comics ya fara bugawa, Vince Locke ya zana. Shi ne gadar da Sadiƙ ke nema tsakanin tsofaffin da abin da ya gama karantawa, don ya bi salon fim ɗin George Romero na 1968, wato matattu tururuwa guda suna cin rayayyu. Bambancinsa akwai sarkinsu da ke magana, yana yawo a kan babur. Zanen a hargitse yake, ƙazami, kamar da ƙusa aka karce takardar. Ba na yara ba ne sam, kada a bar shi a falo.

Malam Habu: Tunda an zo gargaɗi: an yi wani kamfani daban mai suna Eerie Publications, masu Weird da Tales of Voodoo. Ba su da alaƙa da Eerie ta Warren. Tsofaffin labaran shekarun 1950 suke sake zanawa su ƙara jini. Bangon ya fi cikin. In kana son na gefe mai inganci, duba Nightmare da Psycho na kamfanin Skywald, waɗanda suka tsaya a 1975.

Anti Rabi: Mu nan abin da ya fi zuwa hannunmu muna yara African Film ne, mai labarin jarumi Lance Spearman, hotuna baƙi da fari da magana a kai. Ba zombi a ciki, amma takardar ce iri ɗaya, mai araha, mai komawa ruwan ƙasa, tawada na bin yatsa. Ina jin rabin son da nake wa waɗannan mujallu daga can ya samo asali.

Sadiƙ: Na gode ƙwarai. Saura inda zan samu, don na asali na san sun fi ƙarfin aljihuna.

Zainabu: Kar ka ma nemi na asali. Dark Horse ta sake buga Creepy da Eerie kundi-kundi, Marvel kuma ta haɗa na Garth a littafi ɗaya a 2006, Essential Tales of the Zombie. In a allo za ka karanta, waya ta yi ƙanƙanta, layukan Wrightson cuɗewa suke su zama toka. Ari kwamfuta ko babban allo.

Bala Mai Zane: Kuma in ka ga The Walking Dead da aka sake fitarwa da launi tun 2020, buɗe shafi ɗaya ka jera da tsohon na baƙi da fari da Charlie Adlard ya zana, ka zo ka faɗa mana wanne ya hana ka barci.

Sadiƙ: Da na Garth zan fara, sai Deadworld. Yaya Bala, naka na takarda ne ko na allo?

Bala Mai Zane: Na takarda, amma bangon ya fita. Ka zo shago bayan la'asar ranar Asabar, kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa.