Kanel ya ce ya tsaga babban shafi, amma RAM ba ta dawo ba: ina ta maƙale?

Sabon_Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Ina kula da wata saba, wato kwamfuta mai yi wa wasu hidima, mai aiki da Linux, wadda ke ɗauke da manhaja mai riƙe bayanai masu yawa a RAM. A fayil ɗin /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled an zaɓi always, wato kanel, zuciyar Linux da ke raba RAM guntu-guntu da ake kira shafuka, yana ba manhajar manyan shafuka masu megabait 2 duk inda ya samu hali. Manhajar tana mayar da abin da ta gama amfani da shi kaɗan-kaɗan ta hanyar kiran madvise da MADV_DONTNEED, wato tana shaida wa kanel ba ta buƙatarsa, kuma ina ganin adadin da ake lissafa mata yana sauka, amma RAM da ke sake a na'urar ba ta ƙaruwa daidai da hakan. Da na duba /proc/vmstat, inda kanel ke nuna ƙididdigarsa, sai na tarar thp_split_pmd da thp_deferred_split_page suna ta hawa, alhali thp_split_page kusan a tsaye yake. Idan har an tsaga shafin, me ya hana gutsattsarin da aka saki su koma hannun kanel? Kuma me ya sa ake ƙidaya tsagawa a wurare daban-daban haka?

Tsohon_Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya rikita ka shi ne kalma ɗaya da ake amfani da ita ga ayyuka biyu mabambanta, kuma lambobin da ka kawo sun riga sun nuna wanne ya auku a na'urarka, wanne kuma bai auku ba tukuna.

A na'urorin x86-64 ƙaramin shafi kilobait 4 ne, babba kuma megabait 2, wato ƙanana 512 da ke jere ba tsinkewa a cikin RAM. Amfanin babban shi ne gurbi guda a matakin PMD, matakin da ke sama da na ƙananan shafuka a jadawalin shafuka, wato taswirar da ke nuna inda kowane adireshin manhaja yake a RAM, ya wadatar wajen nuna shi gaba ɗaya, don haka gurbi guda yake ci a TLB, wannan 'yar ma'ajiyar da ke cikin firosesa mai tuna fassarar adireshi. To idan manhajarka ta ce ta saki kilobait 64 daga tsakiyar irin wannan shafi, gurbi guda ba zai iya cewa nan akwai, can babu ba. Dole kanel ya cire shi ya sa cikakken jadawali mai gurabe 512 a madadinsa, sannan ya share guraben da aka saki. Wannan ita ce tsagawa ta farko, wadda thp_split_pmd ke ƙidayawa, kuma taswira kawai ta taɓa. Tana da sauƙi, ba ta kuma gazawa, saboda tun ranar da aka ba manhajar babban shafin kanel ya ware shafi guda na jadawali ya ajiye a gefe domin wannan rana, don kada a zo tsagawa a lokacin ƙunci a rasa inda za a samo shi.

Shafin kansa kuwa yana nan ɗungurungum. A idon mai rabon RAM abu guda ne, mai kai guda da wutsiyoyi 511, da ƙidaya guda ta masu riƙe da shi, kuma ba a mayar da wani yanki nasa sai an wargaza wannan haɗin. Wargazawar ita ce tsagawa ta biyu, aikin split_huge_page, wadda thp_split_page ke ƙidayawa, kuma ita ce mai tsada. Sai an kulle shafin, an bi duk manhajojin da ke da shi a taswirarsu an cire shi na ɗan lokaci, an sa alamar ƙaura a gurabensu yadda duk wanda ya taɓa zai jira, an wanke TLB, sannan a daskarar da ƙidayar masu riƙe a raba ta ga ƙananan shafukan ɗaya bayan ɗaya. Idan aka tarar ƙidayar ta wuce abin da taswirori suka bayyana, alamar wani ya kafe shafin ke nan, misali direban wata na'ura da ke zuba bayanai kai tsaye a cikinsa, sai a fasa, a ƙara ɗaya a thp_split_page_failed.

Saboda wannan tsada, da kuma cewa a daidai lokacin cire taswira makullan da ke hannu ba su ba da damar yin aikin ba, kanel yakan jefa shafin a layin jira ne kawai, abin da thp_deferred_split_page ke ƙidayawa ke nan. Akwai kuma hikimar cewa sau da yawa manhaja takan saki ragowar shafin jim kaɗan bayan haka, kamar lokacin da take rufewa, sai a mayar da shi cikakke ba tare da an wahala ba. Ba a waiwayar layin sai RAM ta fara ƙaranci, sannan mai matso ma'adana, ɓangaren kanel da ke ƙwato RAM a lokacin ƙunci, ya bi shi yana tsagawa yana kwashe gutsattsarin da ba kowa a kansu. Wannan tsari ya shigo ne a Linux 4.5 a shekarar 2016, cikin gyaran da Kirill Shutemov ya yi wa hanyar ƙidayar. Kafin nan, tun daga 2.6.38 na 2011 da Andrea Arcangeli ya shigo da manyan shafukan, tsaga taswira da tsaga shafi tafiya ɗaya suke yi. RAM ɗinka tana cikin wannan layi, kuma za ta fito ranar da aka matsa.

Mai_Shakka ya amsa:

Malam Tsohon_Hannu, bayaninka ya fito sarai, sai dai ban gamsu da cewa mai tambaya ya kwantar da hankalinsa ya jira matsi ba, domin akwai khugepaged da ke aiki ta ɗaya ɓangaren. Shi wannan aikinsa bin taswirori yana haɗe ƙananan shafuka su koma babba, kuma ƙa'idarsa ta max_ptes_none tana zuwa ne a kan 511, ma'ana ko ƙaramin shafi ɗaya tak ya rage a cikin yankin megabait 2, yana da izinin cike sauran da sifili ya mayar da yankin babban shafi. Manhaja ta saki, kanel ya tsaga, khugepaged ya sake ɗinkewa, ana tufka ana warwara. Ina ba da shawarar ya duba thp_collapse_alloc. Idan shi ma yana hawa, to ba layin jira kaɗai ke cin RAM ɗinsa ba, kuma rage max_ptes_none zai fi yi masa amfani da wuri.

Uwar_Saba ta amsa:

Dukanku kuna da gaskiya, kuma wanne ya fi nauyi ya danganta da sigar kanel da ke kan na'urar, abin da mai tambaya bai faɗa mana ba. Wannan fanni ya sauya sosai, har shawarar da ta dace shekaru goma da suka wuce tana iya zama ɓata a yau.

A da, duk babban shafin da za a fitar zuwa suwaf, wurin da ake ajiye rarar RAM a faifai, sai an fara tsaga shi, daga 4.13 zuwa 4.14 aka jinkirta tsagawar har sai an gama rubuta shi a faifai. A 5.4 aka ba kowane rukunin memcg, wato rukunin manhajojin da aka yanka wa iyakar RAM, nasa layin jiran, wanda ya shafi duk mai gudanar da manhaja a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen muhalli mai iyakarsa, domin kafin nan iyakar kwantenar na iya cika alhali shafukan da za su cece ta suna kwance a layin da matsinta bai isa gare shi ba. A 5.8 aka sauya abin da ke faruwa bayan fork, lokacin da manhaja (uwa) ta haifar da kwafin kanta (ɗa): idan aka yi rubutu a babban shafin da uwa da ɗa ke tarayya a kai, maimakon a kwafe megabait 2 sukutum, sai a tsaga taswira a kwafe kilobait 4 kawai. Tsohon halin yana cikin dalilan da suka sa Redis, manhajar adana bayanai a RAM, ke gargaɗi a kan manyan shafuka, kuma mutane da yawa har yanzu suna kashe su baki ɗaya bisa wannan gargaɗi ba tare da sun duba ko dalilin na nan ba. Sannan 6.8 ya kawo matsakaitan shafuka irin su kilobait 64, 6.9 ya ba da damar tsaga babba zuwa matsakaita maimakon a farfasa shi har ƙasa, 6.12 kuma ya koya wa mai matso ma'adana gane manyan shafukan da akasarinsu sifili ne ya tsaga su.

A ganina zaɓin never, wato kashe manyan shafukan baki ɗaya, magani ne mai kashe cuta tare da majinyaci. Ka lissafa da kanka: TLB mai gurabe 1,500 yana rufe kusan megabait 6 ne da ƙananan shafuka, amma kusan gigabait 3 da manya, kuma manhaja mai yawo cikin bayanai masu yawa tana jin wannan bambanci. Na fi son a zaɓi saitin madvise a wancan fayil na enabled, inda sai yankin da manhaja ta nema ake ba wa manyan shafuka, a sa MADV_HUGEPAGE a yankunan da suke cike kuma masu daɗewa, a bar yankunan da ake yawan saki da ƙananan shafuka. Idan kuma kana iya taɓa mai rabon ma'adana na manhajar, ka sa ya riƙa saki a dunƙulen megabait 2 da ya dace da iyakar shafi, domin a nan babu tsagawa ko ɗaya.

Idan kana son tabbatarwa da idonka, a na'urar gwaji ka rubuta 1 a /sys/kernel/debug/split_huge_pages, wanda ke tilasta tsaga duk manyan shafukan da za su tsagu, sannan ka kwatanta MemFree, wato adadin RAM da ke sake, kafin da bayan. Kada ka yi wannan a sabar da mutane ke amfani da ita.

Sabon_Shiga ya sake rubutawa:

Na gode, malamai, Allah ya ƙara basira. Kanel ɗin 5.15 ne. Na yi gwajin da Malama ta faɗa a wata na'ura ta daban, thp_split_page ya yi tsalle nan take, MemFree kuma ya tashi da kusan abin da nake nema. thp_collapse_alloc ma yana motsi, amma a hankali. Na mayar da saitin zuwa madvise. Abin da ya rage mini shi ne wasu 'yan shafuka da suka faɗa thp_split_page_failed a lokacin gwajin, kuma ina zargin katin sadarwa ne ya kafe su. Akwai hanyar da zan bi in gano wanda ke riƙe da su?