Taƙaitawar shawarwari kan inshorar yawon shaƙatawa a jirgin ruwa

Ga abin da na tattaro daga bayanan da mutane suka yi kan abin da ya kamata a lura da shi wajen sayen wannan inshora.

1. Kusan kowa ya yarda cewa jinya ce babbar magana. Likitan cikin jirgi ba kyauta yake duba mutum ba, kuma idan ciwo ya tsananta a tsakiyar teku har aka kwashi majinyaci zuwa asibitin wata ƙasa, kuɗin kan zarce na tikitin nesa ba kusa ba. Saboda haka a tabbata takardar inshorar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, domin wasu kamfanoni sukan cire ta.

2. A sayi inshorar da zarar an biya kafin alƙalami, a kuma bayyana duk wani tsohon ciwo, in ba haka ba ana iya ƙin biya.

3. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara a tasha, don haka a duba ko inshorar ta ɗauki nauyin cim masa.

4. An rabu kan wurin saye. Wasu sun zaɓi inshorar kamfanin jirgin saboda sauƙi, wasu kuwa suka ce idan an fasa tafiya, sau da yawa damar wata tafiya kamfanin yake bayarwa maimakon tsabar kuɗi. A ganina hujjar na biyun ta fi ƙarfi.