Wanda ya taɓa zuwa Alice Springs ya ba mu labari

Ɗaliba daga Adelaide: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maigidana muna shirin kai yara Alice Springs a hutun watan Yuli. Na duba taswira, kusan kilomita 1,500 ne daga nan, gari shi kaɗai a tsakiyar Ostiraliya. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya gaya mana abin da idonsa ya gani, da abin da za mu kiyaye.

Direba daga Darwin: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hanyar Stuart, babban titin da zai kai ku Alice Springs, na sha bin ta. Abu na farko, magariba na yi ku tsaya. Da dare kangaru da shanu da raƙuman daji suna fitowa kan titi, kuma akwai tireloli masu jan akwati uku, tsawonsu ya haura mita 50. Duk gidan man da kuka gani ku cika tanki, ku riƙe jarkar ruwa biyu. Ku kuma ɗauki kayan sanyi. Yuli tsakiyar hunturunsu ne. Na taɓa fitowa alwalar asuba na tarar da ƙanƙara ta daskare a gilashin mota.

Ma'aikaciyar jinya a Alice Springs: Ƙanwata, sannu da shiri. Shekarata uku a nan. Masu ƙasar na asali su ne ƙabilar Arrernte, kuma a bakinsu sunan wurin Mparntwe. Ki koyi wannan sunan kafin ki zo, za ki ga yadda fuskar mutum ke sakewa idan kin faɗe shi.

Duwatsun da suka kewaye garin, a wurinsu tarihi ne. Sun ce sawun wasu kakanni ne da suka ratsa ƙasar a siffar tsutsa, Yeperenye. A Emily Gap, gabas da gari kaɗan, akwai zanensu a jikin dutse, layi-layi ja da fari. Na daɗe a tsaye a gabansa, ga rairayi a ƙarƙashin ƙafata, ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye.

Abin da ya fi shiga raina shi ne kunyarsu. Farkon zuwana wata tsohuwa tana ba ni amsa tana kallon ƙasa, sai na zaci ranta ne ya ɓaci. Abokiyar aikina, 'yar asalin nan, ita ta fahimtar da ni cewa zuba wa mutum ido rashin ladabi ne a wurinsu. Suna kauce wa ambaton sunan wanda ya rasu, kuma namiji ba ya sakewa da surukarsa. Nan take na tuno gida. Saboda haka ki ja wa yara kunne, kada su ɗauki hoton kowa sai da izininsa. In za ki sayi zane, ki nemi cibiyoyin da masu zanen suka mallaka, kuɗin ya shiga hannun mai shi.

Ku je Standley Chasm, wani tsagin dutse mai zurfi, kilomita 50 yamma da gari, wanda Arrernte ɗin ne ke riƙe da shi. Ku isa da tsakar rana, lokacin da haske ke sauka cikin tsagin, bangon dutsen ya yi jawur kamar garwashi.

Wani dattijo daga Melbourne: 'Yata, akwai masallaci a garin, ana ce masa Masallacin Afghan, na yi Juma'a a can. Sunan ya samo asali ne daga Musulmi masu raƙuma, mutanen Afganistan da ƙasar da ake kira Pakistan yanzu, waɗanda suka yi ta safarar kaya a wannan daji kafin layin dogo ya iso a 1929. Jirgin ƙasan The Ghan ma sunansu ya ci. Raƙuman da ɗan'uwa ya ambata jikokin nasu ne.

Ɗalibi daga Perth: Yaya, kada ki ɗauka Uluru, shahararren ƙaton jan dutsen nan, a bayan gari yake. Kilomita 450 ne daga Alice, sai kun kwana a Yulara, ƙaramin garin masaukin baƙi da ke kusa da dutsen. An mayar wa Anangu, 'yan asalin yankin, ƙasarsu a 1985, an kuma hana hawa dutsen tun Oktoban 2019, bayan sun shekara da shekaru suna roƙo. Ni na zagaye gindinsa da ƙafa, kusan kilomita 10. Daga nesa sumul yake, amma a kusa duk kogo ne da baƙin sawun ruwa. Wasu wurare akwai allon da ya hana ɗaukar hoto, kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Da yara, tafkin Mutitjulu da ke gindin dutsen ya ishe ku, hanyarsa gajera ce kuma da inuwa.

Ɗaliba daga Adelaide: Allah ya saka da alheri. Mun ƙara kwana biyu saboda Uluru. Anti, ranar Juma'ar za mu je masallaci, in kina da sarari mu gaisa a can bayan an idar.